Tambaya da Amsa: Ni da maƙwabcina muna gardama kan annabci

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci, Kaduna. Maƙwabcin shagona Kirista ne, daga Sabon Tasha yake zuwa, muna mutunci ƙwarai. Kwanan baya gardama ta haɗa mu. Ya ce Ishaya, wani annabi a Littafi Mai Tsarki, ya faɗi wahalar Annabi Isa shekaru ɗaruruwa kafin a haife shi, har an tono tsohon kwafin littafin a kogo. Ni kuma na kawo masa Suratur Rum da tsohon kwafin Alƙur'ani na Birmingham da na gani a Facebook. Kowa ya ce na ɗan'uwansa ba hujja ba ne. A taimaka mini da hujjar da za ta kashe bakinsa. Daga wani mai karatu, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni Musulmi ne kamar kai, amma hujjar kashe baki kam ba ni da ita a aljihu. Tun zamanin da ake yayin kaset ɗin Ahmed Deedat a garin nan nake jin wannan musu, ban taɓa ganin wanda aka kayar ya tashi ya ce ya yarda ba.

Tukuna, tsofaffin kwafin nan duk biyun gaskiya ne. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran, gefen Tekun Gishiri, cikinsu akwai littafin Ishaya kusan cikakke, wanda masana suka ce ya girmi haihuwar Annabi Isa da shekara ɗari ko fiye. Naka kuwa, a 2015 Jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar cewa gwajin da aka yi wa fatar da aka yi rubutun a kanta ya nuna ta fito tsakanin 568 da 645 Miladiyya. Ka lura, shekarun fatar aka auna, ba na tawada ba, kuma warƙa biyu ce kacal. Abin da waɗannan kwafi suke shaidawa shi ne rubutun ya daɗe, an kuma adana shi. Cewa daga Allah yake, wannan ba aikin ɗakin gwaji ba ne.

Yanzu Suratur Rum. Ayoyin farko sun ce an ci Rumawa da yaƙi, kuma za su yi nasara cikin 'yan shekaru, wanda malamai suka fassara da uku zuwa tara. Tarihi ya tabbatar Farisawa sun ƙwace Ƙudus a 614, lokacin da ba mai zaton Rum za ta sake miƙewa. Hiraƙla, sarkin Rum, ya fita yaƙi a 622, ya kutsa ƙasar Farisa a 624, shekarar Badar, ya gama da su kusa da Nineba a 627. A wurina wannan hujja ce mai nauyi, domin ta ambaci mutane da suna ta kuma yanka wa'adi, har Tirmizi ya ruwaito cacar da Sayyidina Abubakar ya yi da Ƙuraishawa a kanta kafin a haramta caca. Sai dai in maƙwabcinka mai karatu ne, zai tambaye ka daga wace shekara za a fara ƙirga, a wace nasara za a tsaya. Daga 614 zuwa 622 takwas ne; zuwa 627 sha uku. Zai kuma ce labarin lokacin saukar surar daga ruwayoyin Musulmi ya fito. Tambaya ce ta hankali, kada ka ɗauke ta zagi.

Shi ma akwai tambayar da za a yi masa. Sura ta 53 ta Ishaya tana magana kan wani bawan Ubangiji da aka wulaƙanta ya ɗauki laifin wasu, amma ba ta kira sunansa ba, ba ta faɗi shekara ba. Yahudawa, waɗanda littafin yake hannunsu tun farko, da yawansu sun ce al'ummar Isra'ila ake nufi. Haka babban malaminsu Rashi ya fassara. Kirista kuwa yana karanta ta ne bayan ya riga ya gaskata Linjilar da ke hannunsa.

Kada ka yi dariya tukuna. Mu ma muna ɗauko Maimaitawar Shari'a 18:18 a cikin Attaura, inda aka yi alkawarin annabi kamar Musa, mu ce Manzon Allah (SAW) ne. Shi kuma zai buɗe maka Ayyukan Manzanni sura ta 3, inda Bitrus, almajirin Annabi Isa, ya ɗora wannan alkawari a kan Annabi Isa. Aya ɗaya, kowa ya ja ta gidansu. Kai tela ne: tef ɗin da ka auna rigarsa da shi, shi za ka auna taka. In ka ce aya marar suna ba hujja ba ce, to ka ajiye 18:18. In ya ce ruwayar mabiya ba ta shiga, sai ka tambaye shi su wa suka rubuta labarin cikar nasa annabcin.

Abu guda ya dame ni a wasiƙarka, wurin da kuke yin gardamar. Wanda ya ga rikicin addini na Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 a Kaduna ya san yadda magana ke fita daga shago ta koma wani abu, har aka wayi gari kogi ya raba mu unguwa-unguwa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka taɓa zama abokan gaba, ba su sasanta don ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Kowa yana kan addininsa. Suratul Ankabut aya ta 46 ta hana mu jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, shi ma 1 Bitrus 3:15 ta umarce shi ya ba da amsa da tawali'u. Ku bar yi gaban yaran shago da 'yan kallo.

In kana son ci gaba, ku yi musaya. Ka ba shi tarjamar Sheikh Abubakar Gumi ya karanta Suratur Rum gaba ɗaya, kai kuma ka karɓi Littafi Mai Tsarki na Hausa ka karanta Ishaya tun daga sura ta 40, ba ta 53 kaɗai ba. Wurin da ya ɗaure maka kai ka kai wa malaminka, ko ka sake rubuto mini.