Tambaya da Amsa: An ce gwajina ya nuna fari, sai kuma a yanki nama?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, daga Argungu nake, shekarata 37 'ya'yana biyar. Na je gwajin sankarar bakin mahaifa, nas ta shafa wani ruwa mai tsami ta haska da tocila tace wuri ya yi fari, wai in tafi Birnin Kebbi a yanki nama a duba. Wlh tun ranar ban yi barcin kirki ba, ga uwar mijina tace in ƙarfe ya taɓa ciwon bazuwa yake yi. Kenan ina da kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki tukunna. Wannan gwajin da aka miki tantancewa ce kawai, ruwan binega ne ake shafawa a jira kamar minti 1, inda ya yi fari sai a sa ido a kai, kuma farin nan ko kumburi ko sanyi na iya kawo shi, ba lallai kansa ba. Haka wani gwajin da ake kira Pap smear, ƙwayoyin saman wurin kaɗai ake gogowa, shi kuma gwajin HPV, wato ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, yana nuna ko tana nan ne kawai, mata da yawa jikinsu ke korar ta ba tare da magani ba.

Yankan naman da kike tsoro, wato bayofsi, shi ne mai raba gardama. Ɗan tsoka ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, a saka a kwalba a kai lab, likita ya duba a madubin ƙara girma ya ga ko canjin a sama ya tsaya ko ya nutsa ciki, abin da sauran gwajin ba za su iya faɗa ba kenan. Za ki ji ɗan tsunkuli da ɗigon jini na 'yan kwanaki. Ki lallashi Inna da girmamawa, yankan ba ya baza ciwo, jinkiri ne ke ba shi dama, domin daga kamuwa da HPV zuwa kansa yakan ɗau shekara 15 zuwa 20, kuma in an gano canjin a tsakanin nan yawanci ƙona wurin kawai ake yi ki koma gida ranar.

Abin da ya fi damuna ma su ne waɗanda aka ce musu lafiya lau suka miƙe ƙafa, gwajin binegan kan tsallake ciwo, musamman bayan shekara 50. Mai ganin jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke ta koma asibiti ko da takardarta ta ce babu komai.

Dan Allah ki je satin nan, ki riƙe takardar da nas ta ba ki. Allah ya sa mu ji alheri.