Wai dole sai na rubuta duka a folda?

Dokta, ka ce layi ya kai har bakin ƙofa, wai ko layi uku ya isa a tarihin mara lafiya tunda ka ji komai da kunnenka. To ai ba don kanka kake rubutun ba. Wanda zai karɓi aiki ƙarfe 2 na dare bai taɓa ganin mutumin nan ba, wataƙila lokacin ma baya iya magana, ɗan'uwan da ya kawo shi ya koma ƙauye neman kuɗi, sai foldar kawai.

Ni ban ce ka cika shafi biyar ba. Abin da ya kawo shi da yaushe ya fara, wannan kowa na rubutawa. Wajen magani ne kuke sakaci. In ka ce "Baba kana shan magani?" cewa zai yi a'a, don shi jiƙo da sassaƙe da na kemis duk baya lissafa su. Ka ce a kawo ledar magungunansa ka zazzage ta a kan tebur ka gani da idonka. Dattijon da ya yi watanni yana haɗiyar maganin ciwo diclofenac saboda gwiwa, ya zo da baƙin bahaya kamar kwalta, alamar jini na zuba a cikinsa, amsar tana cikin ledar nan. Wanda Septrin ta taɓa feso wa ƙuraje kuwa ka rubuta a bangon folda da manyan baƙaƙe, don ita da Fansidar dangi ɗaya ne, kar wani ya ba shi Fansidar bai sani ba fata ta saɓule, Allah ya kiyaye.

Abin da ka tambaya aka ce babu, ka rubuta babu. In ka bar wajen fayau ta ina zan san ba ya tari ne ko kai ne ba ka tambaya ba?

Sana'a ma kar ka tsallake, har ta uban yaro. A 2010 yara sun yi ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, ashe gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuma ka tambayi inda ya je, da ko ɓeraye na shiga abincinsu, don su ke yaɗa zazzaɓin Lassa, ita kuwa ba ta ƙyale likita da nas ba.

Mace kuwa kar ka manta ranar al'adarta ta ƙarshe. Ka sa kwanan wata da lokaci da sunanka yadda zai karantu. Gobe a zagayen safe foldojinka zan fara buɗewa.