Bataliya ta 7 ta sojan Najeriya a Yaƙin Burma

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ɗan'uwa, kai da ka ce ka ga an rubuta "7 NR" a takardar sallamar kakanka, kana tambayar ina suka yi yaƙi, to saurara. Ma'anarsa Bataliya ta 7 ta sojan Najeriya na zamanin Turawa.

Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda ya je Burma kwarin Kaladan ya yi, inda yawancin Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta yi yaƙi, a'a. Runduna ta 81, mai tambarin baƙin gizo-gizo, an kafa ta a 1943, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya. Can aka cire birged ta 3, wato bataliyoyi na 6 da 7 da 12, aka ba Janar Wingate, shugaban dakarun da ake kira Chindit. Aikinsu shi ne a sauke su a bayan sojan Japan su datse musu hanyar abinci da makamai.

Ga yadda tsarin yake. Bataliya ba ta tafiya a dunƙule, ana raba ta ayari biyu, kowanne wajen mutum 400. Ta 7 ayarinta su ne 29 da 35. Babu mota ko ɗaya. Alfadarai ke ɗaukar rediyo da manyan bindigogi, kuma an yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka maƙiyi su ji. Kowane soja kuwa kayan bayansa ya kai kilo 30.

An fara jigilar dakarun Chindit ta jirgin sama zuwa cikin Burma ran 5 ga Maris 1944. Ran 24 ga watan Wingate ya mutu a hatsarin jirgin sama, 'yan Najeriya kuma a kwanakin da suka biyo baya suka sauka a wani filin daji da aka sa wa suna Aberdeen. Daga nan sai White City (wato Farin Birni), kusa da Mawlu, sansanin da ya toshe layin dogon Mandalay zuwa Myitkyina. Fararen laimomin da ake jefo kaya da su ne suka maƙale a bishiyoyi, shi ya sa sunan. A Afrilu Japan suka yi ta afka masa dare da dare, waya mai ƙaya da nakiyoyi suna tare su. Ta 7 tana cikin waɗanda suka fita da Birgediya Calvert, ɗaya daga kwamandojin Chindit, suka bugo Japan ta baya.

Amma wallahi abin da ya fi cin su ba harsashi ba ne. Abincin da ake jefo musu an yi shi ne don 'yan kwanaki, su kuwa suka yi watanni a kansa, suka rame. Da damina ta sauka a Mayu, gajimare ya hana jirage zuwa, filayen sauka suka zama taɓo, aka bar White City aka nausa arewa a ƙasa. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni, ga matsattsaku, ƙafa tana ruɓewa cikin jiƙaƙƙen takalmi. Har jiragen da ke sauka a kan ruwa aka kawo tafkin Indawgyi don kwashe marasa lafiya. Sai a Agusta aka fitar da su zuwa Indiya.

Takardar nan ka adana ta da kyau, ka ɗauki hoton lambar sojansa, don da lambar ake bin sawun mutum, sunaye sau da yawa Turawa sun rubuta su ba daidai ba. Allah ya jiƙansa.