An rubuta "asthenia" a katin Hajiyarmu, wace cuta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata biyu ke nan Hajiyarmu jikinta ba ƙwari, ko buta da ƙyar take ɗauka. Na duba katinta na asibiti na ga an rubuta "asthenia", wallahi hankalina ya tashi. Mece ce ma'anarta, daga ina ta samo asali? Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce a kawo ta ya yi mata ƙarin ruwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwantar da hankalinka, ba sunan cuta ba ne. Turanci ya aro ta ne daga Girkanci: "a" tana korewa, "sthenos" kuma ƙarfi, wato rashin ƙarfi. Kukan da Hajiya ta kai ne likita ya rubuta da yarensu. Wani likita ɗan Sikotland, John Brown, ya taimaka wajen yaɗa ta da littafinsa na 1780, inda ya kasa cututtuka gida biyu, na yawan kuzari da na ƙarancinsa, yana ɗirka wa masu ƙarancin giya da ofiyom, wani abin maye mai kashe zafin ciwo. An daɗe da watsar da ra'ayinsa, kalmar dai ta zauna.

Maganar mai kemis ce ta dame ni. Kullum sai mun gani: da mutum ya ce kasala, sai a rataya masa leda, a zuba sinadarin bitamin ruwan ya koma ɗorawa, dangi su ce an yi aiki. Wane aiki? Ledar ruwan suga ta rabin lita, mai kashi 5 cikin ɗari, giram 25 kacal na suga ke ciki, kusan cokalin shayi shida. Wanda ke iya haɗiye abinci, kofin kunu ya fi masa. Idan kuwa zuciya ko ƙoda ce ta gaza, ruwan nan a huhu zai taru, numfashi ya sarƙe cikin dare. Idan ciwon suga ne ba a sani ba, an ƙara masa. Wasu har deksametason, maganin da ke danne alamun ciwo, suke haɗawa, majiyyaci ya miƙe kwana biyu, cutar na ci a ƙasa. Mutumin da bai auna ko hawan jininta ba, da wane ilimi ya yanke hukunci?

Ka mayar da ita wurin likitan, a auna yawan jini, suga da aikin ƙoda, a duba kaki idan tana tari ko rama. Amma in ɓari guda ne ya saki, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, kada ku jira gari ya waye, ku wuce asibiti nan take.