Yini guda a kan babur cikin kwazazzaban Dades da Todra: me zan kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Marakesh, ƙasar Maroko. Tun ina yaro nake tuƙa babur a gida, amma ban taɓa hawa dutse da shi ba. A ƙarshen Agusta, kafin a koma makaranta, ina so in ɗauki hayar babur in zaga kwazazzabon Dades da na Todra. Yini ɗaya zai isa? Me zan fi kiyayewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yini ɗaya zai isa, amma ba daga Marakesh za ka yi sammako ba. Tsakaninka da wurin akwai tafiyar kilomita wajen 300, ga mashigar Tizi n'Tishka mai tsayin mita 2,260 a kan hanyar Warzazat. Ka je ka kwana a garin Bumalne Dades, da gari ya waye ka kama hanya.

Daga Bumalne kwalta ce ta bi kogin Dades ta yi arewa. Za ka wuce jajayen duwatsun nan da ake kira yatsun biri, a wajen kilomita 30 kuma ka tarar da kwanonin Tisdirin, inda hanya ta naɗe jikin dutse kamar igiyar guga. Ka hau, ka huta a sama, ka sauko ka koma babbar hanya. Daga Bumalne zuwa Tingir kilomita 50 ne ko sama kaɗan, daga Tingir zuwa bakin Todra kuma wajen 15. Nisan ba wani abu ba ne.

Hawa ma ba shi ne abin tsoro ba. Za ka dai ji babur ya yi sanyi, domin iska tana raguwa yayin da kake ƙara sama, injin kuma da iska yake ƙona mai. Kowace mita 300 ta hawa tana cinye kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. In mai kabureta ne, yana iya yin baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. Ba lalacewa ya yi ba. Ka rage giya, ka bar shi ya ja a hankali, kada ka matsa wa totur.

Gangara ce ke kayar da mutum. Mu da muka koyi tuƙi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muna da wata ɗabi'a: da an ga gangara sai a sa babur a firi, ko ma a kashe inji don tattalin mai. Don Allah ka bar wannan ɗabi'ar a gida. Saukowata ta farko daga Tisdirin ban sa firi ba, amma na riƙe kuloci ina ta matsa birki tun daga sama. Kafin in kai ƙasa sai na ji ƙauri kamar ana ƙona tsumma, hannun birkin gaba ya yi laushi har ya kusa taɓa kan babur. Da na samu na tsaya, na ɗiga ruwa a faifan birkin sai ya yi cuu, ya tashi tururi. Zafi ne ya tafasa man birki, tururi kuma ba ya matse komai. Har yau in na tuna wannan lokacin gabana faɗuwa yake.

Saboda haka giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, ta biyu ko ma ta ɗaya, inji ya riƙe maka nauyi. Birki kuma ka matsa shi sosai tun babur yana miƙe, kafin ka shiga kwana, sannan ka sake shi ya sha iska. Cikin kwana ka kai idonka inda za ka fita. Kada ka kalli ramin da ke gefe, domin inda ido ya tsaya nan babur yake nufa. Ka tsaya a hannunka na dama, ka danna hon a duk kwanar da ba ka ganin bayanta: motocin 'yan yawon buɗe ido sukan ci rabin hanya, awaki kuma sukan turo tsakuwa kan kwalta.

Abin da ya fi damuna da lokacin da ka zaɓa shi ne ruwa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, kana ganinsa tun daga nesa har ka samu ka fake. A Todra akwai wurin da faɗin kwazazzabon bai wuce mita 10 ba, bangon dutse ya tashi sama da mita 150 dama da hagu, hanya da rafi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sararin sama ɗan tsiri kawai kake gani. A ƙarshen Agusta da Satumba tsawa takan fashe da yamma a kan duwatsun Atlas, ƙasa ta bushe ta yi tauri ba ta shan ruwa, sai duk ya gangaro ya taru a wannan maƙogwaro. Kana tsaye cikin rana, ruwan da aka yi a wani wuri ya iske ka. Haka ta faru a kwarin Urika kusa da Marakesh a Agustan 1995, mutane fiye da 100 suka rasu. A farkon Satumban 2024 ma ambaliya ta ci rayuka a kudu maso gabashin ƙasar.

Shi ya sa nake so ka tashi bayan sallar asuba, ka gama Dades da hantsi, ka shiga Todra kafin azahar, la'asar ta same ka a Tingir. Ka tambayi mai masaukinka ko an yi ruwa a sama jiya, su suka san kogin. In ka ga rafin ya rikiɗe ya yi ja, yana ɗauke da kara da itace, ko ka ji gurnani daga sama, kada ka tsaya ɗaukar hoto. Ka nemi tudu, ko da za ka bar babur ɗin. Kada kuma ka tsallaka ruwan da ke gudu a kan kwalta, ko da iya ƙwauri ne.

Wurin mai haya, ka duba takalmin birki da idonka, ka tambayi yaushe aka canza man birki, ka auna iskar taya tun ba ta yi zafi ba, ka taɓa cen ka ji ko ya saki. Hular kwano dole ce, jandarmomi kuma suna tsayar da mutane a hanya, don haka lasisi da takardun babur su kasance a jikinka. Ka cika tanki a Bumalne, ka ɗauki ruwan sha lita uku da riga mai kauri saboda sanyin asuba. Goyo kuma ka haƙura da shi a wannan karon, har hannunka ya saba da gangara. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.