Amsar tambayar hoton masu goge huɗu: ƙungiyar Busch ta Jamus

(An mayar da muryar rubutu saboda waɗanda suka ce ba ta buɗe musu ba.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na ga tambayarka tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce su waye mutum huɗun nan na hoton da na sa, hoto mara kala, kowa da gogensa, kuma wane irin kiɗa ne babu ganga babu mai waƙa. Baffa kuma ya ce ai zaman makoki ne. To Baffa, Allah ya ja da ranka, a yi mini uzurin minti biyar.

Shi wannan tsari haka yake: goge huɗu, shi ke nan. Biyu ƙanana masu siririyar murya, ɗaya ya ɗan fi su girma, ana ce masa biyola, sai babba da ake zama a jingina shi tsakanin gwiwoyi, shi ne chelo. Kowanne tsirkiya huɗu gare shi, ba kamar namu mai guda ɗaya ba. Babu mai tsayawa a gaba da sanda yana ba da umarni. Da ido da numfashi suke gane juna. Ka riƙe wannan, don labarin duk a kansa yake.

Waɗanda ke hoton su ne ƙungiyar Busch. Jagoransu Adolf Busch, an haife shi a 1891 a garin Siegen na Jamus. Ubansa kafinta ne mai ƙera goge, saboda haka 'ya'yan a cikin abin suka tashi. Wansa Fritz ya zama babban mai jagorantar makaɗa, ƙanensa Hermann ya kama chelo. Adolf yana da shekara 21 aka ba shi kujerar gogen farko a wata babbar ƙungiyar makaɗa a Biyana, a 1912, kuma a can ya fara haɗa 'yan huɗunsa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya watsa su. Bayan yaƙi, a 1919, ya sake kafawa da sunansa. Daga 1930 zaman ya daidaita a kan mutum huɗun da aka fi sani: shi Adolf, da Gösta Andreasson mutumin Suwidin a goge na biyu, da Karl Doktor ɗan Biyana a biyola, da Hermann wanda ya gaji Paul Grümmer a chelo.

Akwai na biyar, ko da yake ba ya cikin lissafi. A 1920 Adolf ya haɗu da wani yaro ɗan shekara 17 mai kaɗa fiyano, Rudolf Serkin, Bayahude. Ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, ya zama ɗan gida, kusan duk inda Adolf zai yi wasa da fiyano shi ne a gefensa. Daga baya ma ya auri 'yar Adolf ɗin, Irene, a 1935. Wato almajiri ya zama suruki.

To, nan ne inda nake so ku saurara. Hitler ya hau mulki a Janairun 1933. A watan Maris aka kori Fritz daga gidan wasan Dresden, ba don shi Bayahude ba ne, don dai ya ƙi bin 'yan Nazi. Ranar 1 ga Afrilu aka yi ƙauracewar shagunan Yahudawa a duk faɗin ƙasar. Cikin wannan watan Adolf ya soke duk wasannin da suka rage masa a Jamus.

Ku duba fa, shi ba abin da ya same shi. Bajamushe ne gaba da baya, irin wanda gwamnatin take so ta ɗaga ta ce ga namu. Da yawa daga manyan masu goge na lokacin Yahudawa ne, an rufe musu ƙofa, fili ya zama nasa shi kaɗai. Abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne a idon mai son duniya: ka bar Serkin a gida, ka zo kai kaɗai. Shekarar kuwa ita ce ta cika shekara 100 da haihuwar Brahms, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ana shirin biki a Hambug, aka ce Serkin ba zai hau dandali ba. Adolf ya ce to shi ma ba shi. Karl Doktor ma jinin Yahudawa ne. Ta yaya za ka fi shekara goma kana karanta numfashin mutum, sannan a ce ka sauya shi kamar tayar mota? An yi ta aika masa 'yan lallashi, bai koma ba. Jamus kuwa nan ce babbar kasuwarsa.

Gaskiya ɗaya dai, kada na mayar da shi waliyyi: tun 1927 ya riga ya koma Basel a Siwizalan da zama, don haka yana da wurin kwana, ba kamar wanda ya fita da jaka ɗaya ba. A can ne ma Yehudi Menuhin, shahararren mai gogen nan, yana yaro ya je ya yi karatu a wurinsa. Amma a 1938 da Mussolini ya kawo dokokin wariyar Yahudawa, Italiya ma ya daina zuwa, alhali can ana ƙaunarsu sosai. Kasuwa ta biyu ke nan ya rufe da hannunsa.

Abin da ya sa har yau muke jin su, Landan ce. A shekarun 1930 suka riƙa zuwa ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road suna ɗauka wa kamfanin HMV. Faifan garmaho ne na lokacin, kowane gefe bai kai minti biyar ba, sai a tsaya a sa wani, kiɗan da ya kai minti arba'in a yanka shi gunduwa-gunduwa. A haka suka ɗauki kiɗe-kiɗen ƙarshe na Beethoven, babban mai tsara kiɗa na Jamus, waɗanda ya rubuta bayan ya kurumce. Ni a kunnena, inda ake son a tafi a hankali babu wanda ya kai su haƙuri. Suna jan sauti har ka ce zai tsinke, ba ya tsinkewa. Baffa, wurin da ka ji ka ce makoki ke nan. A ɗaya daga cikinsu, mai lamba 132, Beethoven da kansa ya rubuta a kan takardar cewa waƙar godiya ce ga Ubangiji daga wanda ya tashi daga ciwo. Ka ga ashe barka ce, ba ta'aziyya ba.

A 1939 Adolf ya wuce Amurka, sauran suka bi shi daga baya. Can abin bai yi armashi kamar Turai ba, jama'ar sun fi son mai goge mai ƙyalƙyali, ga ciwon zuciya ya kama shi. Zuwa 1945 Andreasson da Doktor sun bari, aka kawo wasu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sake taka Jamus ya yi wasa, amma bai koma da zama ba. A 1951 shi da Serkin da Hermann da iyalin Moyse, makaɗa daga Faransa, suka buɗe makarantar kiɗa ta bazara a Marlboro, jihar Vermont, tana nan har gobe. Ya rasu a Yunin 1952 a Vermont ɗin, ƙungiyar kuma daga nan ta tsaya.

Ƙanena, in za ka nema, rubuta Busch da Beethoven da lamba 132 a YouTube, ka sa abin kunne. Za ka ji ƙarar faifai kamar ana suyar gyaɗa, kada ka ce wayarka ce ta lalace. Ka tsallaka zuwa kashi na uku. Caji na ya kusa ƙarewa, sai da safe.