Tambaya da Amsa: Wai da gaske ana shuka hanji a ɗakin bincike?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya ibada. Muna zaune a Makka ne wajen Shara Mansur, ɗiyata shekararta 7, tun tana da 4 take fama da zawo da kumburin ciki ga rama ga rashin girma, sai bara a mustashfa, wato asibiti, aka yi mata tahalil, wato gwaji, aka zura minzar, siririn bututun nan mai kyamara, aka ɗebo ɗan naman hanjinta, duktur ya ce hasasiyyar alkama ce wai siliyak, wato jikinta ba ya ɗaukar alkama, ba gurasar tamis ba sambusa ba makarona har iya rayuwa. Wallahi da azumi in na ga tana bin 'yan'uwanta da ido lokacin buɗa baki sai in tashi in shige ɗaki. To yanzu yayanta ya nuna min a waya wai turawa suna shuka hanjin mutum saboda ciwon nan. Dan Allah gaskiya ne? Za a iya canza mata hanji ta ci abinci kamar kowa? Daga wata uwa, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Abin da yayan nata ya gani gaskiya ne, amma ba hanjin dashe ba ne, gwamma in faɗa miki tun yanzu kar ki ɗora rai.

Kin ga bangon cikin hanjinmu yana sabunta kansa duk bayan kwana 3 zuwa 5, akwai wasu ƙwayoyin halitta iyaye da ke ɓoye a ƙananan ramuka su ne ke ta haifo sababbi. A 2007 masana a ɗakin binciken Hans Clevers da ke Utrecht a ƙasar Holan suka gano su, a 2009 kuma wani likita ɗan Japan da ke aiki da shi, Toshiro Sato, ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak ta ɓera ya sa ta cikin ɗigon wani abu mai kauri kamar jiƙaƙƙen ƙaro, yana ba ta abincinta, sai ga shi ta hayayyafa ta zama ɗan ƙullutu mai rami a ciki da 'yan tsiro a gefe, da fasali irin na bangon hanji. A 2011 aka yi da na mutum. Sunansa oganoyid, mafi yawansu ko ƙwayar gero ba su kai ba, sai da madubin likita ake ganinsu sosai, a akwati mai ɗumin digiri 37 ake ajiye su kamar zafin jiki. Ɗan naman nan irin wanda aka ɗebo wa 'yarki da minzar, da shi ake farawa.

To me ya sa ake wannan wahalar? Saboda ɓera ba ya kamuwa da siliyak da kansa, kuma wa zai yarda a yi ta ɗura wa yarinya alkama dan kawai a ga yadda cikinta ke lalacewa? Shi ciwon, sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir ne ke tunzura garkuwar jiki ta juyo kan hanji, ta share 'yan gashin nan masu kama da na tawul da ke tsotse abinci, shi ya sa kike ba ta abinci amma ba ya kama jikinta. A 2024 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka raini oganoyid daga naman masu ciwon tare da sojojin garkuwar da ke jikinsa, suka zuba gulutin suna kallo ɓarnar ta fara, na masu lafiya kuwa ko gezau, har suka gano wani sinadari IL-7 yana cikin masu rura wutar, da suka toshe shi ɓarnar ta lafa. Ni wannan ya faranta min rai ƙwarai, dan ta nan ake samun hanyar gwada magani. Amma fa a faranti aka yi, har yau babu ƙwaya ko allurar da aka amince tana warkar da siliyak.

Kuma Hajiya 'yarki ba ta ma buƙatar sabon hanji, nata zai gyara kansa in dai gulutin ya daina shiga, yara ma sun fi manya saurin farfaɗowa. Mu ai Allah ya rufa mana asiri da abincinmu na gida, tuwon shinkafa, na dawa, na masara, fura, kunun gero, acca, duk nata ne. Inda nake so ki sa ido shi ne ɗanwake da waina na saye, da yawa suna ƙara fulawa ba sa faɗa, haka dunƙulen miya ki karanta kwalin, garin da aka niƙa a injin da ake niƙa alkama shi ma a'a, ludayi da man suyan sambusa ki ware mata nata. Kar wata ta ce miki ɗan gutsuren tamis ba komai, yana yin ɓarna ko da ba ta yi zawo ba.

Sai yayan nata da sauran ƙannen, ki kai su a gwada jininsu ko da lafiyarsu ƙalau, ciwon yana bin jini, kusan 1 cikin 10 na 'yan'uwa na kusa ana samunsa da shi, ke da Alhaji ma ku yi. Amma dan Allah kar ki cire musu alkama kafin tahalil ɗin, in sun daina ci sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali ciwon yana nan.